Takardar Katangar Inna

A Yasore ba a zuwa ofis neman izinin kewaye gida. Idan kaka ta yi, an girbe gero da dawa, sai a tara kara, a saro itacen dirka, maza su taru da hantsi su kafa darni, kafin la'asar gida ya rufu. Mai hali kuma ya kwaɓa ƙasa ya ja katanga. Babu fom, babu rasit. Amma kada ki ɗauka babu doka. Kowa ya san inda gidan wane ya tsaya: daga gindin bedin can zuwa layin aguwa, daga aguwa zuwa bakin hanyar rijiya. In mutum ya matsar da dirka ko da taku ɗaya ne, kafin ya gama ɗaure zana tsohon da ke maƙwabtaka da shi ya fito da sandarsa, in abin ya ƙi a kira mai unguwa. Takardar gidanmu a cikin kawunan dattawa uku take, kuma har muka girma ba mu taɓa jin wani ya ce irin wannan takarda tana ɓacewa ba.

Ga wadda ba ta san yankinmu ba, Yasore tana cikin ƙaramar hukumar Batsari, yamma da birnin Katsina. Batsari da maƙwabciyarta Safana duk a bakin Dajin Rugu suke, kuma kun san abin da dajin nan ya zame mana. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, ƙauyukan da muke cin kasuwa ɗaya da su. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu biyun. Wata guda bayan haka, a Oktoba, 'yan bindiga suka shiga Yasore kanta, suka kashe mutane, suka cinna wa gidaje wuta. Ina bakin aiki a Katsina, ba waya, ba labari. Sai ganin Inna na yi a ƙofar gidan hayata, da ƙanwata, da jikokinta uku, da ƙullin kaya guda ɗaya. Baba dama Allah ya yi masa rasuwa tun 2017, ciwo ne ya ɗauke shi ba bindiga ba.

Shekara biyu muka yi mu tara a ciki da falo. Ba zan tsaya kan wannan ba, duk wadda ta sauki 'yan gudun hijira ta san yadda ake jera tabarmi har bakin ƙofa. A ƙarshen 2023 muka haɗa abin da ke hannunmu, wato tumunin Inna na gadon Baba, da kuɗin bijimai biyu nata da Yaya ya riga ya fitar ya sayar tun kafin a sace su, da kwasar adashina, muka sayi wani ɗan fuloti a bayan gari, in kin fita ta Ƙofar 'Yanɗaka kin ɗauki hanyar Batsari. Mai shi na farko ya yi ɗaki biyu da banɗaki ya tsaya. Babu katanga ko ta gefe ɗaya.

Namiji yana iya kallon gida irin wannan ya ce ai an samu wurin kwana, saura a hankali. Mace ta san ba haka ba ne. Gidan da ba katanga, ba ki isa ki fito tsakar gida da ɗaurin ƙirji ba. Tuwonki a idon masu wucewa kike tuƙa shi, kowa ya san ranar da kika sa nama da ranar da kuka wuni da kunu. Shanyar kayan ciki sai a ɗaki. Zuwa banɗaki da dare sai an tashi wani ya yi rakiya. Yaro mai rarrafe kuwa, ki juya baya ki ɗauko gishiri, ya kai bakin hanyar da 'yan acaɓa ke gudu. Inna da ta yi shekara arba'in a bayan darni, sai ga ta tana ɗinke buhunan taki tana ratayawa a sanduna don ta samu inda za ta yi alwala. Ranar da na tarar da ita a haka na ce ko bashi ne za a ci, katangar nan sai an yi ta.

Magini ya zo ya auna, ya faɗi yawan bulo da siminti da yashi. Da na ce a dakata sai na nemo izini, shi da Yaya suka kalli juna. "Hajiya, katanga ce fa, ba bene ba," in ji magini. "Ranar Juma'a da yamma mu fara, kafin Litinin mun kai linta, wa zai ce a rushe?" Yaya ya ce kuɗin da za a kai ofis gara a ƙara buhun siminti da shi, tunda a lokacin, farkon 2024, buhu ya haura naira 10,000, kuma kullum ƙara tashi yake.

Maganarsu ba ta banza ba ce, duk wanda ya sayi siminti a shekarar nan ya sani. Sai dai akwai abu biyu da na gani da idona.

Na farko a layinmu yake. Wani maƙwabci ya ja tasa katangar har ta ci rabin hanya, ya kuma haƙa ramin masai a waje. Wata rana aka wayi gari da jan fenti a jikin bulonsa, alamar da duk mazaunin birni ya san ma'anarta. Da hannunsa ya biya leburori suka fasa abin da ya biya magini ya gina. Asara biyu ke nan, ga kunya.

Na biyu a wurin aiki nake ganinsa, kuma shi ya fi tsaya mani a rai. Duk watan Agusta, idan ruwa ya yi kwanaki yana zuba, sai an kawo mana yaran da katanga ta faɗa wa. Wani karaya a cinya, wani a ƙugu, wani kuma ba ya isowa da rai. In kika bi labarin, kusan iri ɗaya ne: tushe bai yi zurfi ba, an ja bango mai tsawo babu ginshiƙi a tsakani, bulon an cika masa yashi don buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ruwa ya rasa mafita ya kwanta a gindin bangon yana cinsa a hankali. Yara kuma inuwar katanga ce wurin wasansu, can ake shimfiɗa musu tabarma. Darnin kara in ya faɗi, sai dai a karkaɗe ƙura a yi dariya. Bulo ba ya wasa. Mutanenmu sun baro ƙauye da ilimin darni, sun zo suna gina bulo da shi.

Don haka na tafi. A Katsina Hukumar Tsara Birane ta jiha ce ke ba da izinin gini a cikin gari da kewayensa, kuma katanga ma gini ce a wurinsu. Abin da suka fara tambaya ba tsayin bango ba ne, ba kuma kuɗi ba. Cewa suka yi: filin na wane ne, ina shaida?

A nan aikin ya tsaya cik na mako uku, domin filinmu awon igiya ne. Wadda ba ta san kalmar ba, shi ne gonar da mai ita ko magadansa suka yanka fuloti-fuloti da igiya suka sayar, ba gwamnati ce ta tsara unguwar ba. Galibin abin da talaka ke iya saye a bayan gari irinsa ne. Takardar da ke hannunmu ta ciniki ce tsakaninmu da wanda ya sayar mana. Shi kuma wa ya sayar masa? Sai da muka bi sawu har wurin magadan mai gonar, aka zo da takardar cinikin farko, mai unguwa ya duba ya sa hannu da hatimi, shaidu biyu suka sa nasu. Dillalin da ya haɗa cinikin, wanda kafin a biya shi la'ada kullum yana ƙofar gidanmu, a makonnin nan wayarsa ba ta shiga.

Ana cikin haka maganar suna ta taso. Kawu, ƙanin Baba, ya ce a rubuta komai da sunan Yaya, shi ne namiji, shi zai iya zirga-zirgar ofis. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, haka aka saba. Inna ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika doguwar magana da ni a gaban mutane ba, sai na bari dare ya yi na same ta ita kaɗai.

"Inna, kuɗin wa aka sayi filin nan da shi?"

"Ke dai kin sani."

"To sunanki za a sa."

"Ni da ban iya rubutu ba, mi za ni yi da takarda?"

Na ce akwai dangwale, yatsa kawai za ta sa. Na kuma faɗa mata abin da na faɗa wa Kawu washegari cikin ladabi: rai a hannun Allah yake, ba a bin tsari wajen tafiya. In takarda ta ce gidan na Yaya ne, ranar da ta Allah ta kasance a kansa, gidan ya shiga gadonsa. Matarsa da 'ya'yansa suna da haƙƙi a ciki, Inna kuma ta koma mai jiran kaso a gidan da shanunta suka saya. Ba sai an samu mugu a dangi ba, takardar ce kawai za a karanta. Na sha ganin tsofaffin mata da muka sallama daga gadon asibiti suna zaune a baranda har yamma, ba don ba su warke ba, sai don ba a gama shawarar gidan wa za a kai su ba. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ɗiyar nan ta faɗi gaskiya." Yaya da kansa ya kai Inna aka ɗauki hotonta.

Daga nan sai safiyo. Shi ne ya fi cin kuɗi a duk harkar, ya fi kuɗin izinin kansa nauyi a aljihu. Ya zo da na'urarsa ya auna, ya zana taswirar filin, ya kafa turakun siminti a kusurwa huɗu. Aka haɗa taswirar da takardun ciniki da hotuna da takardar neman izini, aka buɗe fayil. Kuɗin hukuma a banki na biya na kawo rasit. 'Yar uwa, ko wane ne ya ce ki ba shi a hannu zai ƙarasa miki, ki ce kin gode, ki nemi lambar asusun gwamnati. Kowace takarda kuma ki yi mata kwafi, ki ɗauke ta hoto a wayarki, ki tura wa wata 'yar uwa da kika yarda da ita. Mu da muka ga gida ya ƙone da komai a ciki ba sai an yi mana wa'azin wannan ba. Yanzu ma gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta kafa hukumar KATGIS don harkar takardun filaye, wadda ke son ta kai ga babbar takardar mallaka can za ta nufa da waɗannan kwafin.

Sau huɗu na je, uku daga ciki bayan na sauka daga aikin dare, ido na yaji. Sannan ma'aikata biyu suka zo duba fili. Suka ja tef daga tsakiyar hanya, suka duba taswira, suka ce ta gaba sai mun ja baya da ƙafa biyar. Inda dillali ya nuna mana a matsayin iyaka, hanya ce da wurin kwata.

Ban taɓa ganin ran Inna ya ɓaci irin na ranar ba. Ta fito da mayafinta ta tsaya a kan layin da suka ja da ƙafa. "An kore ni daga gida sukutum," ta ce, "nan ma a yanke mani?" Babban cikinsu, dattijo ne mai furfura, ya rusuna ya ce, "Baba, ba mu za mu ɗauka ba. Hanyarki ce. Ranar da ba ki da lafiya ta nan mota za ta shigo."

Ƙafa biyar a filin da bai kai ya kawo ba abu ne mai ciwo, wurin turken akuya ne da ɗan lambun yakuwa. Amma a nan ina bayan dattijon, kuma ba don yana ma'aikaci ba. Unguwannin awon igiya da yawa haka suka lalace: kowa ya ci taku biyu, na gaba ya ga an ci shi ma ya ci, har layin da aka bari don mota ya koma lungun da Keke Napep ba ya shiga. Mun karɓi mai naƙuda da aka turo a baro daga ƙofar gidanta zuwa bakin titi, jini na zuba, don babu abin hawan da zai iya kaiwa gare ta. A irin wannan hali minti goma ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma ruwa. Inda aka toshe masa hanya, gidan wani zai shiga, ko ya kwanta ya tara sauro, mu kuma mu cika gadaje da masu zazzaɓi. Abin da tsohon maƙwabcinmu na Yasore ke fitowa da sanda ya tsare, shi ne dai mutanen nan suka zo da tef suna tsarewa. Bambancin, a ƙauye kowa ya san kowa, a bayan gari kuwa maƙwabcinki na dama daga Jibiya ya gudo, na hagu daga Ɗanmusa, babu wanda ya san kakan wani balle ya ji nauyinsa.

Takardar ta fito bayan kusan wata biyu da fara nema. An rubuta tsayin da aka yarda mana, aka kuma ja kunnenmu kan tushe da mafitar ruwa. Na tsaya a kan magini sai da ya zuba ginshiƙai da rodi a kusurwoyi da tsakiyar kowane dogon bango, ya bar ƙananan kafofi a ƙasa ta gefen gangare. Ya yi ta mita wai ina koya masa aikinsa. Gefe-gefe muka riƙa yi, in albashi ya shigo a ɗora layi biyar, in ya ƙare a jira. Sai da azumi ya wuce, damina ta shigo, sannan gidan ya rufu. Daren farko Inna a tsakar gida ta kwana.

Da na ɗauka labarin ya ƙare a nan, sai Yasore ta sake kiranmu.

A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi. Kowa da ra'ayinsa a kan sulhun nan, ni dai har yau ba na barin yara su kwana a can. Amma hanya ta ɗan buɗe, mutane suka fara komawa gona. Bayan Babbar Sallah Inna ta ce sai ta je ta ga gidanta, na ɗauki hutun kwana biyu na raka ta.

Babu gida. Ɗakunan ƙasa sun zube sun zama tudu, darni ko toka ba ta rage ba, bedin da muke kwatance da shi an sare shi an yi gawayi. A inda muke zaton tsakar gidanmu ce, masara ce ta kai gwiwa. Ɗan maƙwabcinmu ne ya shuka. Da aka kira shi ya zo da gaisuwa da ladabi, ya ce shi iyakar saninsa nan cikin nasu ne. Kuma na yarda ba ƙarya yake yi ba, yana yaro aka kafa iyakar, ya dawo ya tarar da fili fetal. Aka ce a kira dattawan nan uku. Ɗaya yana cikin waɗanda aka kashe. Ɗaya ya rasu a gudun hijira. Na ukun an ce yana wajen Maraɗi wurin ɗansa, ba wanda ke da lambarsa.

Mai gari ya rasa ta inda zai kama. Sai wata mata daga bayan taro ta ce, a nemo ungozoma mana.

Tsohuwar tana zaune wurin ɗiyarta a Runka, cikin ƙasar Safana. Washegari aka ɗauko ta a mashin. Ita ta karɓi haihuwarmu duka, ta kuma karɓi ta yaron da ya shuka masarar. Ta sauka ta dogara sanda, ta yi ta kallon ƙasa kamar mai neman allura. Ta nuna tudu ta ce nan ne ɗakin Inna. Ta zagaya bayansa ta dunguri ƙasa da sanda: a nan ta binne mabiyiyar 'yar fari, wato ni, a nan ta na biyu. "Darni kuwa taku uku yake daga nan," in ji ta, "don ta gindinsa nike zubar da ruwan wankan jego, kwana arba'in-arba'in, haihuwa shidda." Aka kawo fartanya aka tona inda ta nuna. Ga kututturan aguwa a jere a ƙarƙashin ƙasa, wuta ba ta kai gare su ba.

Yaron ya cire hularsa ya ce a yafe masa. Inna ta ce ya bar masararsa ta nuna ya girbe, bayan kaka a kafa darni. Ni kuwa ina tsaye ina kallon tsohuwar nan da ta haura tamanin, ina lissafin da ba na son yi: da mun ƙara shekara ɗaya ko biyu ba mu zo ba fa?

Ana shirin shafa fatiha Inna ta yi gyaran murya. Macen da ba ta magana a gaban maza ta ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, a rubuta." Aka kira wani malamin firamare ya rubuta iyakokin gabas da yamma, kudu da arewa, da taku da sunayen maƙwabta. Mai gari ya sa hannu, yaron ya sa, ungozoma da Inna suka dangwala. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin da ba na birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar haƙƙin zama a kansa bisa al'ada, don haka Yaya ya kai kwafin sakatariyar Batsari ya shigar da nema, da sunan magadan Baba gaba ɗaya, maza da mata, kowa da sunansa.

An kafa darnin bayan girbi, Yaya da yaron suka yi aikin tare, aka sake dasa aguwa a kan tsohon layi. Inna ba ta koma da zama ba tukuna, ta ce sai ta ga damina biyu lafiya. Takardun nata biyu suna cikin leda a ƙasan kwallarta, ba ta yarda kowa ya taɓa sai ta wanke hannu ta ɗauko da kanta. Katangar Katsina kuma har yanzu ba ta da ƙofar kirki, wani tsohon kwanon rufi muke jinginawa mu tokare da turmi. Maƙeri ya yi mana kuɗin ƙyauren ƙarfe, kwasar adashina kuma sai watan jibi.